Babandi da Matar Cikin Waya

Duk wanda ya taɓa tsayawa neman acaba a bakin kasuwar Lafiya ya san Babandi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai furfura a haɓa, wanda ba ya rige-rigen fasinja da yara, ba ya kuma bari a ɗora masa buhu uku a bayan babur komai magiyar mai kaya. A Adogi aka haife shi, gidan manoma. Ya yi noman doya da riɗi har ƙugunsa ya fara ƙara, sannan ya shigo gari ya zauna gindin wani mangwaro yana facin taya. Daga faci ya koyi tuƙi, ya karɓi babur na haya, a hankali ya mallaki nasa. Da babur ɗin nan ya auri Sailuba, ya yi ɗaki biyu a Tudun Gwandara, ya aurar da 'ya'yansa mata. Bai taɓa kayar da fasinja ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Ciwon bai zo da sallama ba. Babu zafi, babu hawaye, babu jan ido da zai sa Sailuba ta ce me ya same ka. Gefe-gefen duniya ne kawai suka riƙa janyewa. Abin da ke gabansa yana ganinsa tar, har lambar mota yana karantawa daga nesa, amma na hagu da na dama sai ya juya wuya gaba ɗaya. Kamar mai leƙe ta bakin tulu, haka ya koma.

Wata shekara masu duba ido kyauta suka sauka a filin wata firamare, ya bi layi a ɓoye. Likitar ta haska shi, ta sake haskawa, ta ce hawan jinin ido ne. Ta ce abin da ya tafi ya tafi ke nan, sai dai a riƙe sauran da magani. Sannan ta tambaye shi sana'arsa.

"Noma," in ji Babandi.

Ya faɗa ne da rigar ƙungiyar 'yan acaba a ninke cikin leda a hammatarsa. Yana da dalili. Ya ga yadda Ɗanmusa, shugaban ƙungiyarsu, ya karɓe rigar wani mai farfaɗiya a gaban jama'a, yana ba shi haƙuri yana cire masa ita. Mutumin yanzu rake yake yankawa a kan benci a bakin tasha, yaran da ya koya wa tuƙi suna sayen na taimako. Babandi ya rantse wa kansa ba zai zauna kan wannan benci ba. Maganin ɗigawa ya samu wuri a akwatin sifana ƙarƙashin kujerar babur, ya riƙa ɗigawa a bayan masallaci. Ko Sailuba bai gaya wa ba. Tana cewa ya cika buge butar alwala da ƙafa, yana cewa ita ce ba ta iya ajiya ba.

Tsofaffin hanyoyi ba su ba shi wahala ba, jikinsa ya haddace su. Azuba ce ta tona shi. Unguwa ce da ke tsirowa ba dare ba rana, inda ka bari gonar rogo bara, bana katanga ce da baƙin get, maƙwabcinta ma baƙin get, na gaba ma haka. Babandi kuwa da abin gefen hanya yake gane kwana: famfon burtsatse, shagon mai kifi, wata bishiyar kashu. Yanzu sai ya shige su bai sani ba.

"Baba, ka wuce!" fasinja zai ce. Ya juyo. Can gaba kuma, "Baba, ka sake wucewa!"

Bakin yaran tasha ba ya barin irin wannan ta faɗi ƙasa. Kafin damina ta fita sunansa ya koma Baba Ka-Wuce. Suna faɗa suna dariya, shi ma yana yaƙe, amma abin yana cinsa har cikin ƙashi. Su yaran ba su san Lafiya kamar yadda ya santa ba, sai dai kowannensu da babbar waya. Fasinja ya ce an turo masa lokeshan, yaro ya latsa, taswira ta kai shi har ƙofar gida. Sai Babandi ya yanke wa kansa hukunci cewa rashin waya ne matsalarsa. Ya san ƙarya yake yi wa kansa, amma ƙarya ce da ake sayar da maganinta a shago, saboda haka ta fi masa daɗin riƙewa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ce masa ya wuce ba. Sewuese, wata mata Tibi mai sarin doya, wadda ke zaune a bayan layin dogo. Tun 'ya'yanta suna goye yake kai ta Doma ranar kasuwa, ya dawo da ita da kayanta, wani lokacin ya raba wa masu abinci doyar a cikin gari. Maman Terfa yake ce mata, ita kuma Baba. Mace ce mai surutu. Da can hirarta ta tsadar taki ce da rashin mutuncin dillalai, har yakan koma gida ya ce wa Sailuba matar nan ta cika masa kunne. A 'yan shekarun nan hirar ta sauya.

"Baba, akuya yana zuwa ta hagu. Baba, wannan mai keke ba shi da hankali, bar shi ya wuce. Kwanan mu ne wannan, wajen famfo."

Takan faɗa ne a cikin hira, kamar ba da wata manufa ba. Babandi ya lura, kuma lurar ba ta yi masa daɗi ba. Namiji kamarsa, a ce mai doya ce ke jansa kamar makaho da sanda! Yana gode mata a ransa, yana kuma jin haushinta, duka a lokaci guda.

Da aka raba riɗin gonarsu ta Adogi, ya sayar da kasonsa ya nufi shagon Raymond a titin Jos. Raymond mutum ne mai faɗin baki da faɗin ciki, wanda bai taɓa ganin kayan da ba su dace da mai saye ba. Ya zaɓar masa waya, ya sa mata data, ya buɗe taswirar, sannan ya baza masa kaya a kan gilas.

"Baba, hanya biyu ne. Ga wannan maƙali, ka ɗaure shi a kan babur, waya ta zauna a gabanka, kana tafiya kana kallon layi. Duk yaran okada shi suke saye. Ko kuma ga iyafis, ka sa a kunne, waya tana aljihu, madam ɗin ciki tana gaya maka lef, rait. Wanne?"

Babandi ya ce a gwada na farko. Suka fita waje, Raymond ya ɗaura maƙalin a hannun babur. Babandi ya hau, ya sunkuyar da ido kan sikirin. Ya ga shuɗin layi sarai. Amma titin Jos gaba ɗaya ya ɓace, da motocinsa da masu tallansa, babu abin da ya rage a duniya sai wannan ɗan gilashin. Ya ɗago da sauri. Ɗan ganin da ya rage masa bai isa a raba shi biyu ba.

"Rana tana kashe sikirin ɗin," ya ce. "Kawo ɗayan."

Ya sa abin kunnen guda ɗaya. Hayaniyar titi ta haɗiye muryar. Raymond ya ce ai sai an sa duka biyun, ya danna masa su da babban yatsa har robar ta zauna. Nan take muryar wata mata ta fito fes da Turanci, a natse, kamar tana zaune cikin kansa. Titi kuma ya yi nisa, kamar an rufe ƙofa a tsakaninsu.

Nan Babandi ya daɗe a tsaye. Ya fi kowa sanin cewa da kunne yake tuƙi yanzu. Da kunne yake sanin keke mai ƙafa uku ya matso ta hagu, da kunne yake jin tirela tun ba ta iso ba. Ɗaya zai ci masa ido, ɗaya zai ci masa kunne, kuma babu wanda yake da rararsa. Akwai hanya ta uku, wato ya ajiye duka ya koma gida ya zaunar da Sailuba ya gaya mata gaskiya. Ta zo masa a rai, ya kore ta.

"Baba, iyafis ne fa, ba mata za ka zaɓa ba," in ji Raymond.

Ya ɗauki abin kunnen.

Kuma abin takaicin, ya yi aiki. Makonni ya yi yana shiga Azuba yana fita ba wanda ya ce masa ya wuce. Matar cikin waya ba ta dariya, ba ta tausayinsa, ba ta san yana da ido ko ba shi da shi ba. Wannan ya fi komai yi masa daɗi. Ya fara tsayawa a tasha da waya a hannu yana tambayar fasinja, "Akwai lokeshan?" Yaran suka ce Baba ya waye.

Ranar wata kasuwar Doma, da suka dawo, Sewuese ta ce akwai wata sabuwar mai gidan abinci a Azuba da ke son doya, matar ta turo wa ɗanta Terfa lokeshan. Babandi ya karɓa ya sa a wayarsa da yanga, ya zaro abin kunnen.

"Baba, mene ne wannan kuma?"

"Mai nuna hanya ce, Maman Terfa. Yau ki huta da magana."

Ta dube shi. Ta hau, ta gyara zaman buhun a cinyarta.

Sun shiga Azuba da hantsi, rana tana dukan ƙeya. Matar cikin waya ta ce ya yi dama. Babandi ya duba gabansa, babu kowa, ya karya kan babur. Ya ji Sewuese ta daki kafaɗarsa, ya ji kamar tana ihu daga can nesa, amma kafin ya gane me take cewa wani keke mai ƙafa uku ya fito ta gefensa ya kwashe tayar gaba. Suka zube. Doya ta watse a kan jar ƙasa, wasu suka fashe. Shi gwiwar hannu kawai ya kurje. Ita babur ɗin ya danne, salansar hayaƙi mai zafi ta kwanta mata a ƙwauri, sai da mutane suka ɗaga.

Mai keken ya diro yana kumfar baki. "Kai makaho ne? Tun daga can nake maka hon! Ga ni a gefenka, ƙato da ni, ba ka gan ni ba?"

Jama'a suka taru. Babandi ya tsaya da igiyar abin kunne tana lilo a wuyansa. Ya san idan kalmar nan ta makaho ta isa tasha, ta isa kunnen Ɗanmusa. Sai Sewuese, tana zaune a ƙasa tana riƙe da ƙafa, ta ɗaga murya.

"Abeg, ka bar dattijo! Wannan abin kunne ne ya jawo. Shekara nawa yana ɗauka na, bai taɓa faɗi da ni ba. Waya ne, ba shi ba."

Shi ke nan, jama'a suka samu abin zagi. Aka tsine wa waya, aka tsine wa zamani, wani ya ce har tsofaffi sun lalace. Babandi ya sunkuyar da kai yana karɓar faɗan da hannu biyu. Bai taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ya kai ta kemis aka wanke ƙunar aka naɗe. Suna zaune a benci, mai kemis ya shiga ciki, ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Baba, tsakaninka da Allah. Ka ga keken?"

Ƙofa ce ta buɗe masa, kuma ya san ƙofa ce. Su biyu ne kawai, matar da ta rufa masa asiri yanzun nan da ƙafarta a ƙone.

"Wayar ce ta ɗauke min hankali," ya ce. "Na daina sawa. Ba za a sake ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ya ɗauke ta ya sauke ta a gida.

Ya jefa abin kunnen a kwata. Ya gaya wa Sailuba labarin yadda jama'a suka faɗa, ya gaya wa 'yan tasha haka, Ɗanmusa ya yi masa 'yar nasiha game da waya ya bar shi da rigarsa. Babandi ya ɗauka ya tsallake. Ya kai wa Sewuese lemo sau biyu yana duba ta, ta karɓa ta yi godiya.

Da ƙafar ta warke, ranar kasuwar Doma ta zagayo, ya yi sammako ya goge babur ya je bayan layin dogo. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, ɗan gaba da ƙofar gidan, ya kashe inji, ya zuba wa hanya ido yana jira ya ji muryarta. Ya ji motsin mutane, ya ji wani babur ya tsaya ya tashi, bai kula ba, unguwa ce mai shige da fice. Rana ta ɗaga. Ya yi hon. Ya sake yi.

Mimidoo, maƙwabciyarta mai suyar ƙosai, ta taso daga bakin kaskonta ta zo ta tsaya a gabansa, daidai saitin fitilar babur.

"Baba, wa kake jira?"

"Maman Terfa. Ko jikin ne ya tashi?"

Matar ta goge hannu a zaninta, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Ai ta tafi tun ɗazu. Ta fito ta tsaya nan, nan gefenka, kusa da madubi. Ta ɗaga maka hannu. Ta daɗe tana ɗagawa, Baba, ba ta yi magana ba. Da ba ka juyo ba, sai ta share hawaye ta tare wani okada."