Bazarar Sanƙarau a Lahodu

Ni 'yar Goronyo ce, aure ya kai ni Lahodu. Maigidana manomi ne, gero da dawa da damina, da rani kuma yana ban ruwan albasa a fadama. Mu huɗu ne a gidan: shi, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da ni, da ɗiyata wadda bakinta ya buɗe a lokacin har ta ishi kowa da tambaya. Zamanin Nasara ne, kuma ban yi shekaru da yawa a ɗaki ba.

Sanƙarau ya shigo da bazara, sa'ad da rairayi ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi. Fatake ne suka fara kawo labarinsa daga wajen Rabah. Suka ce mutum zai tashi lafiya, da azahar ya ce kansa na sara, wuya ya sandare, kafin a farga an kai shi makwancinsa. Muka ce Allah Ya kiyaye, muka ci gaba da dakanmu. Ba a jima ba ya ɗauki 'ya'yan maƙerin unguwarmu, wa da ƙane, ɗaya na bin ɗaya.

Sai ga duba-gari daga Wurno bisa keke, ya rufe hanci da baki da farin ƙyalle mai igiya, ya ɗaure a ƙeya. Dagaci ya tara masu gida a gindin tsamiya, maigidana ya dawo ya faɗa mana abin da aka ce. An rufe kasuwa, an hana cunkoso a ɗaki ɗaya, kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. A wanke hannu da toka da ruwan zafi, kada a yi ta zagaya da ludayi ɗaya baki-baki. Mai fita ya rufe hanci da baki. Abin da ya fi yi wa mutane nauyi shi ne zaman makoki da aka hana.

Maza ba su sha wahala ba, sun ja amawalin rawaninsu sun rufe. Ni na yaga wani tsohon zane saƙi, na ɗinka wa kowa nasa, har da ɗan ƙarami na ɗiyata. Ita wasa ta ɗauke shi, tana ta magana a ciki don ta ji yadda muryarta ta canza. Da na miƙa wa Inna nata, ta juya shi a hannu, ta ajiye a kan turmi.

"Wanga takunkumi na," in ji ta. "Maraƙi aka sa ma shi don kar shi sha nono. Ni mi zan sha?"

"Inna, don ciwon ne," na ce.

"Wanda ya aiko ciwon bai ganin bayan ƙyalle?"

Na ƙyale ta, ba a jayayya da surukuwa. Ɗanta ma ya lallashe ta, ta ƙi. Da aminiyarta ta rasu a wata unguwa, ta yafa mayafi ta tafi gaisuwa fuska a buɗe, ta zauna cikin mata har la'asar. Ta dawo garau, ko atishawa ba ta yi ba.

Garin ya yi wani irin shiru. A rijiya muna tsayawa nesa da juna, sai ta zane kake gane mace. Akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono tun zuwana gidan, ta saba shigowa har ɗakina ta sha ruwa mu yi hira. Yanzu sai ta tsaya a bakin danga, ta juye nonon a ƙwaryar da na ajiye, ta ɗaga hannu ta wuce. Daga baya ta daina zuwa. Na ji an ce sun kwashe shanu sun yi arewa, ban sake ganin ta ba.

Maigidana, wanda bai taɓa fita ba tare da ya rufe bakinsa ba, wanda hannunsa ya yi fari fat don wanki da toka, shi ciwon ya kama. A fadama ya faɗi tsakanin fangalolin albasa, maƙwabta suka ɗora shi a jaki suka kawo shi yana amai. Doka ce a sanar da dagaci. Kafin magariba an kai shi bukkokin kara da aka kakkafa a bayan gari don masu ciwon, aka ce mutum ɗaya kawai zai bi shi jinya. Inna ta miƙe, na ce ta zauna da yarinya, ni zan je.

Ban san yadda zan kwatanta wurin nan ba. Bukkoki ne a jere cikin fili, ba inuwa, daga kowace kana jin nishi. Akwai malamin asibiti guda, saurayi ne siriri, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Yana bi bukka-bukka da ƙwayoyi farare, mu masu jinya mu niƙa a ruwa mu ɗura wa marasa lafiya. A bakin kowace bukka an ajiye kasko da toka da tulun ruwa. Malamin ya gargaɗe ni kada in sauke ƙyallena a ciki ko da za a yi me.

Wuyan maigidana ya lanƙwashe baya, haske kuma yana sukar idonsa, sai da na toshe duk wata kafa ta bukkar da ganye. Zazzaɓi ya hau kansa. Na matso da ludayin magani, ya dube ni ya kau da baki.

"Ke wace ce?" ya ce. "Tahi ki kira min matata."

"Ni ce, maigida. Ga ni."

"Muryarta kika ɗauko. Ba ni shan komi hannunki."

Na ambaci sunan ɗiyarmu, na tuna masa da jakinsa mai yankakken kunne, duk bai yarda ba. Na fita na sami malamin asibiti na roƙe shi. Ya ce in tsaya daga waje, nesa da ƙofa, in sauke ƙyallen maigidana ya gan ni. Na yaye asabarin ƙofar, na ja baya cikin rana, na buɗe fuskata na kira shi. Hasken da ya shiga ya sa ya runtse ido yana kuka kamar yaro, yana roƙo a rufe. Bai iya dubana ba. Na mayar da asabarin, na mayar da ƙyallen, na koma ciki na riƙe kansa na ɗura masa maganin da ƙarfi, rabi na zubewa a gemunsa. Washegari da hantsi ya cika.

Mutane kaɗan suka sallace shi, a tsaye nesa da juna, duk fuska a rufe, ban ma san su wane ne ba. Aka cinna wa bukkar wuta da tabarmarsa da rigarsa a ciki. Aka dafa zannuwana a tukunya, aka ce in zauna a wata rumfa gefe kwana biyu a ga ko na ɗauka. A nan na fara takaba, ba mai yi mini gaisuwa. Inna ce ke kawo mini tuwo, ta ajiye a kan wani dutse ta koma baya. Ran farko da na hango ta ban gane ta ba, don ta ɗaura ƙyallen nan da ta ajiye a kan turmi.

Ina cikin rumfar nan wata safiya na ga Inna ta taho ba kwano, da ɗiyata goye a bayanta, kan yarinyar ya karye baya.

"Ga ta nan," in ji ta. "Tun jiya ta ce kanta na sara. Ban kai ta ko'ina ba, wallahi ban kai ta ko'ina ba."

Muka shiga sabuwar bukka. Wannan karon malamin asibiti ya bar mu mu biyu mu yi jinyarta. Yarinya ta sha maganin, ta yi ta fama, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, amma zazzaɓin ya sauka. Ranar da ta nemi kunu Inna ta yi sujada a ƙasa. Muna ta murna sai na lura ina kiran yarinyar daga baya ba ta waiwayowa. Na tafa hannu kusa da kunnenta, ko gezau. Malamin asibiti ya zo ya gwada, ya ce ciwon kan yi haka, kuma ba shi da maganinsa.

Ruwan farko na sauka, ciwon ya ɗauke kamar an kira shi. Aka buɗe kasuwa, duba-gari ya daina zuwa, ƙyallaye suka zama tsumman goge tukunya. Muka koma gida mu uku. Albasar da maigidana ya bari ta ruɓe a fadama, ƙanensa ya zo daga Magarya ya shuka mana gona.

Ɗiyata ta ci gaba da magana na ɗan lokaci. Takan yi tambaya, ta zuba wa bakina ido, in ba ta amsa, ta sake tambaya da ƙarfi. Sannu a hankali kalmomin suka fara lalacewa a bakinta, suna raguwa, har ya zama da hannu muke hira. Inna ce ta fi kowa iya wannan hirar, su biyu sukan zauna a gindin rumbu suna ta nune-nune suna dariya, ni ina tankaɗe.

Da na fita takaba iyayena suka aiko in koma Goronyo. Bisa al'ada yarinya ta dangin uba ce, na ɗauka za a riƙe ta. Inna da kanta ta ɗaure mata kayanta, ta raka mu har bakin hanya, ta ɗora ta a kan jaki. Ta ce in riƙa riƙe hannunta in mun shiga kasuwa, don ba za ta ji tahowar dabba ta bayanta ba.