Kalmar da Na Faɗa wa Rahila

Ranar Alhamis ɗin ƙarshe kafin hutun damina, a shekarar da nake aji huɗu, ni da ƙawata Rahila muna zaune a gindin gwaiba muna 'yar carafke. An yi ruwa da safe, duwatsunmu duk sun ɓaci da laka. Ta cinye ni sau uku a jere, na ce ta taɓa dutse, ta rantse da Allah ba ta taɓa ba. Sai na ji bakina ya ce, "Wa zai yarda da rantsuwar mushrika?" Ba ta san kalmar ba. Fuskata kawai ta duba, ta kwashe duwatsunta a siket, ta bi ta inda katanga ta zube ta koma gida.

Babana direba ne a gidan wani Alhaji a Nassarawa GRA. Daga wani ƙauyen Jigawa muka zo, aka ba mu ɗaki biyu a bayan gida kusa da kejin kaji. A bayan katangar nan Malama Saratu take zaune da 'yarta tilo, Rahila. Malamar firamare ce, Kirista daga wajen Zariya. Ita take duba mini lissafi, Innata kuma take yi wa Rahila kitso ranar Asabar don ta je coci tsaf. Da Kirsimeti takan kira Baba ya yanka mata kaji domin mu ma mu ci.

Da yamma ina zuwa Islamiyya a Tudun Wada, ita kuma tana da karatun Lahadi. In muna wanke-wanke a bakin famfo mukan karɓi hadda a wurin juna. Na lissafa mata shika-shikan imani guda shida, ita ta kawo mini shaidar bangaskiyarsu. Mukan yi mamaki cewa abin da nake kira imani ita bangaskiya take ce masa, kuma su ma sun san mala'iku da tashin matattu. Inda maganarmu ta saɓa ba ma ganewa, sai mu bar ta mu tafi kakkaɓar mangwaro. A makon da muka yi faɗan nan ne malaminmu ya karantar da mu tauhidi da kishiyarsa shirka. A natse ya yi bayani, bai ambaci kowa ba, cewa ya yi kowa ya tsare zuciyarsa. Ni ce na dawo gida na ɗora wa Rahila kalmar a raina. Kwana uku ina jin tsoron wuta dominta, na rasa yadda zan gaya mata. Da na tashi faɗa kuwa, ba tausayi ya sa ni ba, haushin wasa ne.

A ranar wasan nan Inna tana shanya, ta ji komai. Ba ta doke ni ba. "An ba ki ilimi don ki duba kanki," in ji ta, "ke kuma kin tafi duba mutane." Ta ce in je in ba da haƙuri. Kunya ta hana ni, na ce sai gobe. Goben na sake cewa gobe. Ranar Asabar da sassafe aka kai Rahila hutu wurin kakarta. Bayan mako uku zazzaɓi mai zafi ya kama ta, kwana biyu ta yi ta rasu, a can aka binne ta.

Da Malama Saratu ta dawo, Inna ta kama hannuna muka shiga ta'aziyya. A hanya na tambaye ta abin da ake cewa, ta ce mu roƙa wa Malama haƙuri wurin Allah. Mun same ta zaune a tabarma, ta rame, takalman makarantar Rahila suna nan a bakin ƙofa. Na durƙusa a gabanta. Ita ta jawo ni jikinta. Ta ce a ranar nan Rahila ta tambaye ta ma'anar kalmar, ita kuma ba ta ɓoye mata ba. Sai Rahila ta ce, "Mama, Hadiza fushi take yi don na cinye ta. In na dawo za mu shirya." Na fashe da kuka, har matar da ta rasa 'yarta ta koma tana rarrashina. Kafin shekara ta ƙare ta nemi canjin wurin aiki ta koma Zariya, ban ƙara ganin ta ba.

Yau ni ce nake karantar da 'yan mata tauhidi a Islamiyya, aƙidata kuma tana nan daram. An rushe gidajen nan biyu an yi benaye, katangun sun yi tsawo har da waya a samansu, 'ya'yana ba su san sunan yaran maƙwabtanmu ba. Ɗalibaina sukan tambaye ni abin da ke sa muryata rawa in mun zo babin shirka, sai in ce musu mura ce. Na girma, na yi furfura, har yau ban sami wanda zan ba haƙurin nan ba.