Ƙofar Luka Kafinta

A duk faɗin Kontagora babu wanda ya san shekarun mutane kamar Luka kafinta. Haka ake faɗa a unguwarsu, haka shi ma yake faɗa idan an tambaye shi, wani lokaci ko ba a tambaye shi ba. Nasa shekarun ne kawai bai sani ba. Mahaifiyarsa ta gaya masa an haife shi a wani ƙauye kusa da Nasko a shekarar da tsuntsaye suka cinye dawa, dawar yankin kuwa tsuntsaye sun sha cinye ta.

Ya zo Kontagora yana saurayi, da gizagon mahaifinsa a kafaɗa da 'yar Hausar ciniki a baki. Ya koyi aikin kafinta, ya kafa rumfarsa, ya auri Deborah. Allah ya ba su 'ya'ya mata uku, sannan auta namiji, Joshua. A bayan rumfar akwai wani tsohon ɗakin ƙasa da aka taɓa ajiye hatsi a ciki. Yaran unguwa suka mayar da shi wurin taruwa da yamma, 'yan coci da 'yan masallaci, saboda Luka ba ya korar yaro, kuma yana da ganguna biyu. Da haka ƙungiya ta kafu ba tare da kowa ya kafa ta ba.

Cikin yaran farko akwai Godspower, wanda ya girma ya tafi Legas, daga can ya sami aikin wanki a irin manyan jiragen ruwan nan da masu hali ke hawa don shaƙatawa, su yi ta yawo a teku ba don suna da wurin zuwa ba. Godspower bai manta ɗakin ba. Ya aiko da kakaki huɗu na tagulla da teburin ƙwallon tebur. Ya kuma aiko da doka ta waya.

"Baba, a jirginmu akwai ɗakin samari," in ji shi. "Daga sha uku zuwa sha bakwai. Ranar da ka cika sha takwas, ko ubanka ne matuƙin jirgin ba ka shiga. Ku ma ku yi haka, kada ƙartai su ƙwace wa yara kayan."

"To, su 'yan sha takwas ɗin ina suke zuwa?" Luka ya tambaya.

"Babu. Wurin manya ma ba a sayar musu da abin sha sai sun ƙara shekaru. Suna dai yawo a saman jirgi, suna kallon ruwa."

Luka bai taɓa ganin teku ba, amma dokar ta burge shi, ya karɓe ta hannu biyu. Matsalar ita ce yadda za a san shekarun. Takardar rantsuwar shekaru ta kotu kowa yana da ita, wasu suna da biyu, ɗaya ta makaranta ɗaya ta ƙwallo. Luka ya ce shi bai yarda da abin da ba a iya aunawa ba. Ƙofar ɗakin gajeriya ce, a samanta akwai katakon maɗaci mai kauri da ke ɗauke da bango. Sai ya yanke cewa kowace shekara, Asabar ta farko bayan sabuwar shekara, kowa zai cire takalmi ya shiga a miƙe. Wanda ya wuce, yaro ne. Wanda ya sunkuya, ya girma, ya mayar da kakaki ya tafi.

Dokar ta yi aiki yadda dokoki ke aiki. Ta fitar da wani dogon yaro yana aji biyu na sakandare. Ta bar Emmanuel, gajeren ɗan maƙwabci, har gemu ya cika masa fuska yana buga ganga cikin yara. Idan aka yi magana, Luka ya ce ƙofa ba ta cin hanci.

Sai shekarar da ta fitar da James. Yaro ne mai haƙuri, shi ya fi kowa iya busa. Ya sunkuya, aka tafa masa, ya miƙa kakaki. Bayan wata biyu ya karɓi babur a hannun Alhaji Maikuɗi, maƙwabcinsu mai ba samari babura suna acaɓa. A cikin gari babura da keke-napep sun fi fasinja yawa, abin samu yana kan hanyar Kasuwan Garba, inda motoci ke tsoron bi saboda 'yan bindiga. Can James ya nufa. Da damina aka tsinci babur ɗin a gefen hanya. Shi ba a tsince shi ba. Luka ya tuna amsar Godspower, ya ce a ransa ai su a jirgin akwai ƙarfen da aka kewaye gefe da shi don kada wani ya faɗa ruwa.

Lokacin Joshua bai kai kafaɗar uwarsa ba. Yaro ne ƙanƙani, kamar ba ya cin tuwo. Amma idonsa na kan babur, kullum yana gindin bishiyar da samarin Maikuɗi ke wanke nasu. Wata rana ya dami uban da maganar a gaban mutane a rumfa, Luka ya dubi tsawonsa, ya dubi ƙofar, ya yi lissafin kafinta.

"Muddin ƙofar nan tana karɓarka, kai yaro ne, babu zancen babur," ya ce. "Ranar da ta fitar da kai, ka yi abin da ka ga dama. Alhaji shaida ne."

"Na shaida," in ji Maikuɗi, yana dariya. "Amma Kafinta, ka san dangin matarka dogaye ne."

Luka ya sani. Ya dai ɗauka yaron shi ya biyo.

Shekara biyu lissafin ya tsaya. A ta uku, da Joshua ya gama sakandare, sai ya tashi kamar karan dawa a tsakiyar damina. Wandunansa suka koma ƙwauri. Muryarsa ta faɗa rijiya. Luka ya daina kallon fuskar ɗansa, ƙoƙon kansa yake kallo. Ya ce masa ya zo rumfa ya kama sana'a, Joshua ya ce ai yana kamawa, ya share sassaƙe ya fice. Ya yi masa maganar kwaleji, Joshua ya tuna masa sakamakon jarrabawarsa, maganar ta mutu a nan. Wata yamma Luka ya ga yaron ya shiga ɗakin a miƙe, gashinsa ya shafi katakon ya kwaso yanar gizo. Saura wata huɗu a yi awo.

Washegari da hantsi, yara suna makaranta, Joshua yana gona, Luka ya ɗauko gizagon mahaifinsa. Ya hau kujera ya sassaƙe ƙasan katakon, kaurin ɗan yatsa. Ya goge, ya shafa baƙin mai. Wata mata da ta zo karɓar kujerarta ta tambaye shi, ya ce gara ce.

Garar ta yi naci. Duk bayan 'yan makonni sai ta dawo, kuma dawowarta tana zuwa daidai da lokacin da Deborah ta ce rigar Joshua ta matse. Yaro na ƙaruwa daga ƙasa, katako na raguwa daga sama. Luka yana kwashe sassaƙen a buhu ya kai madafa. Deborah ta hura wuta da su sau biyu, a na uku ta tare shi.

"Baban Joshua, wannan maɗaci ne. Wa ya ba ka aikin maɗaci a wannan zamani?"

"Gyara ne."

"Gyaran me?"

Ya shiga naɗe buhun. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta zuba sassaƙen a wuta.

"Bangon nan a kan katakon yake zaune," ta ce. "'Ya'yan mutane ke wucewa ta ƙasa."

"Na san aikina."

"Ni ma ɗana ne. Amma in ya faɗo wa ɗan wani, ina za mu sa kanmu?"

Ranar bai ci abincin kirki ba. Ya je ya duba, ya ga wata siririyar tsaga ta fito a bangon daga kusurwar ƙofa ta yi sama. Ya cike ta da laka. Ya kafa sanduna biyu ta ciki, ya rataya ganguna a jikinsu don a ɗauka maratayi ne. Duk yamma idan yara suka ruga ciki suna ture juna, sai ya ajiye guduma ya tsaya har na ƙarshe ya wuce. Mutumin da ya ce ƙofa ba ta cin hanci, ga shi yana ciyar da ita da hannunsa, yana kuma tsoron kada ta ƙoshi ta faɗi.

Ana saura mako guda ya je wurin Maikuɗi. Ya same shi a kan benci yana duba wata tayar da aka yi wa faci. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi maganar tsadar taki. Sannan Luka ya ce, "Alhaji, in ta kama yaron nan ya zo wurinka, ka tsayar da shi cikin gari."

Maikuɗi ya ajiye tayar. Ba ya dariya yanzu. "Kafinta, ni babur nake bayarwa, ba hanya ba. James ma cikin gari na ce masa. Ka ga, in kana so, in ya zo sai in ce babu."

"Sai ya je wurin wani."

"Sai ya je wurin wani," Maikuɗi ya amsa. "Wanda bai san ubansa ba."

Luka ya koma gida ya ƙara cire kaurin rabin yatsa. Katakon ya yi wata ƙara a hankali, ya sauko daga kujerar da sauri. Daga nan bai sake taɓa shi ba.

Ranar awo unguwa ta taru kamar yadda ta saba, don abin kallo ne na kyauta. Mata suka tsaya a inuwa da yara a goye. Maikuɗi ya zo da bencinsa. Aka tara takalma a gefe. Luka ya tsaya a bakin ƙofa da farar rigarsa ta coci, hannu ɗaya a kan bango, kamar mai jingina.

Ƙanana suka shige a guje. Emmanuel ya shiga da gemunsa, aka yi masa ihu. "Baban yara! Sai ka kawo jikanka ku yi awo tare!" Ya ɗaga hannu kamar ɗan siyasa. Sai wasu samari biyu da kowa ya ɗauka tun bara cewa bana ƙofa za ta fitar da su suka wuce a miƙe, su kansu suna mamaki. Ɗayan ya dawo ya sake shiga don ya tabbatar. Wata tsohuwa ta ce yaran zamani taliya ta hana su tsawo. Maikuɗi ya ɗaga kai ya dubi katakon, ya dubi Luka, ya mayar da idonsa kan carbinsa.

"Joshua," Luka ya kira.

Yaron ya fito daga cikin taron ya cire silifas. An yi masa aski, ubansa ne ya tura shi tun jiya. Ya tako a hankali har ya tsaya daf da dokin ƙofa. Luka, da idon da ya shekara talatin yana auna katako, ya ga akwai sarari. Ba mai yawa ba, amma akwai. 

Joshua ya ɗaga kai ya dubi katakon. Ya kai hannu ya shafa ƙasansa, inda baƙin mai ya rufe sawun gizago. Shi ne mai share rumfa tun yana ɗan shekara bakwai, ya san ƙanshin maɗaci. Ya duba yatsunsa, ya goge su a wando.

"Shiga mana," Luka ya ce ƙasa-ƙasa. "Miƙe kawai."

"Baba," in ji Joshua, shi ma ƙasa-ƙasa, "in na wuce bana, baɗi me za ka sassaƙa?"

"Baɗi ta Allah ce. Shiga."

Yaron ya ɗan tsaya. Sannan ya sunkuyar da kai, sosai, yadda na bayan taro ma za su gani, ya shiga.

Aka ɗauki tafi da guɗa, don haka ake yi wa wanda ya girma. Deborah ba ta tafa ba. Kowa ya juyo yana jiran Luka, saboda shi ke faɗin kalmar, kuma ya faɗe ta ga 'ya'yan mutane da yawa a wannan wuri, har da James. Zai iya cewa a sake. Sai dai doka ba ta ce wanda kansa ya taɓa ba, cewa ta yi wanda ya sunkuya, kuma shi ya tsara ta. Maikuɗi yana zaune, shaida.

"Ya girma," Luka ya ce. Ya ɗaga murya ya maimaita. "Ya girma. Kawo kakaki."

Joshua ya fito da kakakin a hannu biyu, ya russuna ya miƙa masa. Wajen fitowa ya manta bai sunkuya ba, kansa kuma bai taɓa komai ba.

Ranar Litinin ya karɓi babur. Luka ya ɗaure masa madubin da ke rawa, ya ce cikin gari, Joshua ya ce to. Yawancin ranaku cikin garin yake. Ranar cin Kasuwan Garba kuwa Luka ba ya iya yanka katako daidai sai ya ji ƙarar babur ɗin a bakin rumfa, kuma kawo yanzu yana ji.

Har yau ana yin awo duk Asabar ta farko bayan sabuwar shekara, sandunan nan biyu suna nan ɗauke da ganguna. Tun daga shekarar ƙofar ba ta sake fitar da kowa ba.