Ranar da Na Faɗi Adadin Shanun Kawuna a Gaban Aji

Edita, a shekarun baya ni matashi ne mai ji da boko. Ina koyarwa a wata sakandare a Bauchi, ranakun Juma'a da Asabar kuma ina karatun digiri na biyu a fannin haraji. A unguwar Fadaman Mada na tashi, amma mahaifiyata 'yar ruga ce. Babban wanta, Kawu, yana kiwo a bayan gari, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Babban aibina a lokacin shi ne ba na son a fi ni maki.

A zango na biyu malaminmu ya ba mu aikin da ya ɗauki kaso mafi tsoka na makin darasinsa. Kowa ya binciko yadda wani rukuni na jama'a ke kallon haraji, ya gabatar a gaban aji. Ya ja mana kunne cewa duk wanda ya zauna a ɗaki ya ƙago bayanai zai kayar da shi. Abokaina suka nufi telolin kasuwar Wunti da 'yan tiredar unguwar Gwallaga. Ni kuwa na ce banza ta faɗi, na zaɓi jangali, wato harajin shanu, tunda ina da kawu a ruga.

Na san sarai Bafulatani ba ya faɗin adadin shanunsa, ko ga ɗan cikinsa. Duk da haka na je rugar na yi wa Kawu wannan tambaya. Ya ce a zamanin mahaifinsa, da an ji masu jangali sun doso sai a kora rabin garke daji, shi kuma bai taɓa ƙirga wa kowa ba. Na rantse masa cewa takardar makaranta ce, malami kaɗai zai gani ya jefa a durowa. Sai ya ce ba zai hana ɗan ƙanwarsa abin da zai ɗaga shi ba. Ya faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa.

Ranar gabatarwa malamin ya katse ni, ya ce bai yarda na je ko'ina ba, alƙaluman nan sun yi kama da ƙage. Aji ya fashe da dariya. Maimakon in ce zan kai masa shaida ofis, sai zuciya ta ɗebe ni, na faɗi sunan rugar da sunan Kawu da adadin, har da kwatancen hanya. Sai da na rufe baki na tuna kusan rabin ajin ma'aikatan tara haraji ne. Na hango wani a layin baya yana rubutu.

Mako uku ina cikin zullumi, ban gaya wa kowa ba, ina ta addu'ar Allah Ya rufa asiri. Ran nan mahaifiyata ta kira ni ɗakinta. Ta ce wasu mutane sun je rugar da takarda, ba su ma tambayi Kawu ba, adadin na rubuce daidai, ko maraƙi ba a bari ba. Har yau ban san ko wancan mai rubutun ne ya kai ba. Ta ce ba biyan ne ya dami Kawu ba, maƙwabtansa ne suka daina zama da shi, suna cewa gidansa ya raini ɗan leƙen asiri.

Na je ba da haƙuri. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma aka kawo nono, kamar baƙo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Da zan tafi ya jawo wata saniya, ya ce jikar karsanar da ya ba ni ranar sunana ce, in tafi da ita gari, ba zai iya riƙon dukiyar mai ƙirga ba. Na tsaya da igiya a hannu ina hawaye. Kafin damina ya kwashe garkensa ya yi kudu, kuma har ya rasu ban sake sa shi a ido ba.

Ban ce a guji haraji ba, hakki ne, shi nake koyarwa yanzu. Amma abin da mutum ya faɗa maka saboda kai nasa ne, amana ce. Ɗalibai masu fita bincike, ku sakaya sunayen mutane, ko da za a kira ku maƙaryata a bainar jama'a. Da na haɗiye dariyar minti biyu, da ina cikin waɗanda suka ɗauki makarar Kawu.