Rigar Hanci

Hanci ake kiransa, har jikokinsa sun ɗauka sunan yanka ne. Bakaniken motocin dizal ne, shekara talatin yana sana'ar, kuma doka ɗaya gare shi: ba ya duba mota da zafinta. Da sassafe yake zuwa gidan mai motar, ya ɗora tafin hannu a kan bonet. In ya ji ɗumi ko kaɗan, sai ya juya abinsa, ko gaisuwa ba ya ƙarasawa. In kuwa ta kwana ta yi sanyi ƙalau, sai ya tsuguna a bayan salansa, ya lumshe ido, ya ce, "Tayar!"

Baƙin hayaƙi da shuɗi, waɗannan kowa ma ya gani. Fari shi ne mai wuyar sha'ani. In yana warin ɗanyen dizal, hita ce ta mutu, wato 'yan ƙarafan da ke ɗumama inji kafin ya tashi, aikin awa guda. In kuwa yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ruwa ne ke shiga inji, sai an kwance shi. Sauran makanikai sai sun yi gwaje-gwaje. Hanci shaƙa ɗaya yake yi, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya yanke hukunci.

Sai wata mura ta kwantar da shi mako biyu, ta tafi da hancin. Ko man fetur aka kai masa kusa, ruwa ne a wurinsa. Bai faɗa wa kowa ba. Tsoro ya kama shi, don in an cire hancin nan, bai san abin da ya rage masa ba.

Ana nan sai tela, maƙwabcinsa, ya kira shi: tsohuwar motarsa na fitar da farin hayaƙi da safe. Hanci ya tsuguna, ya ce a tayar, hayaƙi ya lulluɓe shi. Ya shaƙa har ya ƙware. Shiru.

"Yaya, Malam?" in ji tela.

"Iska ta yi yawa yau. Gobe."

Washegari ya ce an tayar da gaggawa. Rana ta uku ya ce wani ya soya albasa a unguwar. Tela ya fara kallonsa ta gefen ido, ya ce a can bakin titi an ce masa a kwance injin kawai.

Hanci ya koma gida, ya tuɓe riga ya jefa a bokiti. Matarsa ta ɗauka za ta jiƙa, ta yamutsa fuska.

"Motar wa kuma hita ta mutu, Baban yara? Kwana uku kenan kana kawo min ɗanyen dizal."

Ya daskare. "Me kika ce?"

"Hita mana. Da ruwa ne, ai da rigar tana wannan ƙamshin mai tayar da zuciya."

"Ke, wa ya koya miki?"

"Wa ke wanke rigunan? Wa kake cika wa kunne da labarin kowace mota?" Ta zuba omo. "Tun ranar da miya ta ƙone ƙurmus ka zauna kusa da tukunya kana fara'a na san hancin ya tafi."

Hanci ya canja wa tela hita huɗu, mota ta tashi fes. Tela ya bi unguwa yana rantsuwa cewa hancin nan ba na mutum ba ne.

Yanzu Hanci yana fita da riga biyu. Ya tsuguna, ya lumshe ido, ya bar hayaƙi ya ratsa shi, sannan ya ce zai je gida ya yi nazari. Mutane suna cewa tsufa ya ƙara masa natsuwa.

Ran nan ya miƙa wa matarsa rigar da hannu biyu, ya tsaya yana jira. Ta shinshina.

"Ruwa ne," in ji ta. "Shekara talatin ina da amsa, Baban yara. Sai bana ka fara tambaya."