Girgiɗin Wuƙar Aljihu

Tun da dajin da ke tsakaninmu da Sabuwa ya lalace, babu mai ɗaura doguwar wuƙa a ƙugu ya nufi gona. In 'yan sa-kai suka tare ka da ita, sai ka yi bayanin da ba ka shirya ba. In mutanen daji ne, su ba sa ma tambaya. Amma mai dabba ba ya fita haka nan. Dabba kan faɗi a gona, kuma in ba a yanka ta da sauran ranta ba, ta zama mushe, ba a ci, ba a sayarwa. Shi ya sa muka koma wa wuƙa mai ninkewa, wadda za ta kwanta a aljihu ba wanda ya sani.

Tawa a kasuwar Sheme na saya, mai ƙotar ice, tsawon taƙi in an buɗe. Kaifi kam ba a magana. Abu ɗaya ya hana ni sakewa da ita: in na buɗe na riƙe bakinta na motsa, sai in ji tana ɗan girgiɗi gefe da gefe, kamar haƙorin da ya fara tunanin fita. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ba na iya zama da abin da ke motsi. Na sha ɗaure igiya har ta tsinke. Iyalina ma sun san wannan hali nawa, sun sha shi.

Wata ranar kasuwa na kai ta wurin tsohon maƙerin da ke zama bayan 'yan gatari. Ya buɗe, ya motsa ta gefe da gefe, sannan ya danna ta sama da ƙasa, ya miƙo mini.

"Mi ya same ta?"

"Baba, girgiɗi take. A matse mini ƙusar."

"Wanga ba ciwo ba ne, numfashinta ne. Na sama da ƙasa shi ne mugu, shi ka rufewa bisa yatsa, kuma ba ta da shi. Damina na tahe, icen zai sha ruwa ya kumbura, shi zai matse maka ita kyauta."

"Ni dai a matse."

"To sai ka matse hularka tukuna, ita ma na ga tana rawa."

Masu zama a wurin suka yi dariya. Dariyar nan ce ta bi ni har gida. Na ɗora wuƙar a kan dutse, na sa bayan gatari na daddaki ƙusar har kanta ya baje. Girgiɗi ya tafi. Buɗewa ta yi tauri, sai da na cije leɓe, amma na ce da kaina haka wuƙar namiji take. Na jefa ta aljihu na manta.

Shanun huɗa biyu suka rage mana ni da yayana, bayan an kore sauran a shekarar da ta gabata: wani fari da wani ja. Su ne abincin gidaje biyu. Da ruwa ya zauna muka fita da su gonar da ke bakin daji, wadda mutane da yawa suka daina zuwa makwabtanta. Tun da safe wurin bai yi mini daɗi ba. Gonakin da a da za ka ji ana kiran juna, duk ciyawa ta cinye. A kan hanyar shanu mun ga sawun babura, sabo, bayan ruwan jiya. Yaya ya dube shi, ya dube ni. Muka ci gaba.

Da hantsi muka kwance shanun su huta. Ban lura ba jan ya kutsa cikin gyauron dawa, irin wanda ya toho ya sha rana ya ƙanƙance. Kowane makiyayi ya san gubar da ke cikinsa. Kafin in koro shi ya ci abin da ya ci. Ba a jima ba ya fara haki, cikinsa ya tashi, ƙafafunsa suna kakkarwa. Sai ya durƙusa, ya kife.

Yaya ya duba idonsa ya ce, "Ba ya tashi. Kawo wuƙa."

Mun san lissafin ba tare da mun faɗa ba. In aka yanka shi, mahauta za su ɗauki naman, a haɗa da abin da ke hannu a sami ɗan bijimi a sa kusa da farin. In ya mutu haka nan, sa ɗaya ba ya jan garma.

Yaya ya murɗa kan san ya fuskantar da shi alƙibla, ya danne da gwiwa. Na zaro wuƙar na sa farce. Ba ta motsa ba. Ta sha gumi da ruwan sama a aljihu, icen ya kumbura, tsatsa ta kama ƙusar da na baje. Na sake ja, farcen ya ɓare har nama.

A lokacin ne muka ji babura daga cikin daji. Ba ɗaya ba ne. Ƙarar takan matso, ta lafa, ta sake tashi.

"Yi sauri, kai."

"Ta ƙi, Yaya."

"Wuƙa ce ta ƙi, ko kai?"

Na sa haƙori. Na buga ta a kan garma. A ƙarshe na cusa bakin fartanya a tsakani na banƙare, ta buɗe da ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na yi bisimilla na yanka. Jini ya fito, amma a hankali, baƙi, ba tsartuwa.

Yaya bai gani ba. Idonsa na kan bishiyoyin da ƙarar ke fitowa. Ba tare da ya waiwayo ba ya ce, "Ya motsa?"

Abin da muka taso muka tarar ke nan: in dabba ta harba ƙafa, ko ta kaɗa wutsiya, ko ta ƙifta ido bayan yanka, ta halatta. Na dubi ƙafar, na dubi wutsiyar. Ƙuda ya sauka a kan idon san, idon bai ƙifta ba. Babu mai shaida sai ni. Kalma ɗaya ce, kuma ta zo har bakina. Na ga naman a kan teburin mahauta, na ga mutane suna saye suna kai wa 'ya'yansu. Shirun da na yi ya fi yadda ya kamata tsawo, kuma har yau ina neman gafara a kansa.

"Bai motsa ba," na ce.

Yaya ya ɗaga gwiwarsa a hankali. Ya dubi san, ya dubi wuƙar da jinin yatsana, ya ce, "Kama farin mu tahi."

Muka bar garmar a nan. Muna tafe ƙarar baburan na biye da gefen dajin, ba ta fito ba, ba ta kuma yi nisa ba. Da na waiga, ungulu ta riga ta sauka a kan bishiyar kirya. Wuƙar kuwa ta ƙi ninkuwa. Haka na riƙo ta a buɗe cikin hannun riga, a kan hanyar da ba a son a ga mutum da wuƙa.