Bangon da Na Rushe Ranar Juma'a

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina kula da aikin gini a Katsina, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina zai gaya maka ba ni da daɗin sha'ani. Lebura ya cika wa kwaɓi yashi, sai na sa ya zubar. Kafinta ya yi mini ha'inci a katako, sai unguwa ta ji mu. Mutum ɗaya ne bakina ya mutu a gabansa, kuma shi ne wanda na fi cuta.

Baba muke ce masa. Tsohon magini ne daga Ƙofar 'Yandaka, abokin mahaifina, shi ya fara ɗora mini cokalin gini a hannu. Yana da wata al'ada da duk magina suka san shi da ita: in ya gama jera layin bulo, sai ya yi bisimilla ya danna babban yatsansa a ɗanyen simintin kusurwa. Ko an ɗauke ka da ido rufe an kai ka gaban bango, in ka shafa kusurwa ka ji ramukan nan a jere, ka san hannun wa ya bi ta wurin.

Wata bazara wani Alhaji mai shagon yadi a Babbar Kasuwa ya ba ni aikin gidan bene a Ƙofar Kwaya. Na ɗauki magina huɗu, na huɗun Baba. Na ba shi bangon gabas, wanda zai ɗauki nauyin saman bene, don a sanina ba wanda ya kai shi.

Ranar Alhamis da yamma, bayan an tashi, na zagaya da igiyar awo mai ƙarfe a baki kamar yadda na saba. Na sake ta daga saman bangon Baba, sai na ga ƙarfen ya tsaya nesa da gindi da kusan yatsa biyu. Na ce iska ce. Na sake gwadawa har sau uku, igiya ba ta canza magana ba. Sai a lokacin na tuna yadda Baba ke kai fuskarsa dab da bulo kwanan nan, da yadda ya miƙa wa wani hannu ya kira shi da sunan wani. Idon ne ya fara tafiya. Na zauna a kan tarin yashi.

Bango mai karkata ba ya ɗaukar bene, wannan ko yaro ya sani. Amma ta ina zan fara? Mutumin da ban taɓa kiran sunansa ba, wanda har gobe in zan gaishe shi sai na durƙusa, shi zan ce wa ya rushe aikinsa a gaban sa'o'in 'ya'yansa? Kunya ta hana ni, sai na nemi dabara, ni ga mai wayo.

Baba ba ya dawowa aiki bayan sallar Juma'a, zumunci yake zuwa. Ana saukowa daga masallaci na tara sauran maginan uku, na ce wanda ya bari maganar nan ta fita ya nemi wani wurin aiki. Muka sauke layi biyar ɗin da suka karkace, muka sake jera su tsaf kafin magariba. A ƙarshen kowane layi, ni da kaina na danna yatsana a kusurwa. Da safe na sa aka sheƙa wa bangon ruwa tare da sauran, don kada a gane sabo ne. Har ina yaba wa kaina.

Baba ya iso da kekensa, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya naɗe hannun riga ya nufi bangonsa. Ina kallonsa daga wajen tankin ruwa. Ya ɗora tafin hannu a kusurwa kamar yadda ya saba kafin ya hau, ya shafo daga sama zuwa ƙasa. Ya tsaya. Ya sake shafawa a hankali. Sannan ya yafito ni.

"Zo nan, ɗana. Yatsan wa ne wannan?"

Na zo na tsaya ina kallon kusurwar.

"Naka ne," ya ce. "Ni na koya maka, ai ba ni ɓata shi. Nawa ya karkata?"

"Yatsa biyu, Baba."

Ya gyaɗa kai. Bai ɗaga murya ba, sauran magina ma ba su san me ake ciki ba.

"Ranar da ka yi bangonka na farko ya karkace, mi na yi maka?"

"Ka sa na rushe shi da hannuna."

"A ɓoye?"

"A gaban kowa, Baba."

"To. Na yi maka haka don na ɗauke ka magini. Na san idona ya yi rauni, na daɗe da sani. Kullum ina jiran ka zo ka hwaɗa mani, in ce ka ba ni wani ya riƙa duba mani igiya. Ashe kai ka riga ka gama da ni, lallashina kake kamar ƙaramin yaro."

Na durƙusa ina ba shi haƙuri, na ce wallahi girmansa na duba. Ya ce ya sani, Allah ya yi mini albarka. Ya wanke cokalinsa a bakin tanki, ya goge shi da gefen riga, ya ɗaure a bayan keke. Bai hau ba, turawa ya yi har ya sha kwana.

Na bi shi gida da yamma, na koma bayan kwana biyu, na tura masa mahaifina. Amsar Baba ɗaya ce, ya gaji, lokacin hutu ya yi. Na ci gaba da zuwa gaishe shi duk Juma'a har shekara uku. Yana karɓata da fara'a, ya sa a kawo mini fura, mu yi hirar damina da tsadar gero. A da, kafin in zauna yake jefo mini tambaya, layi nawa aka yi, wa ya kwaɓa, an ba bango ruwa? Tun daga ranar nan bai ƙara tambayata aiki ba ko sau ɗaya. In na sako zancen da kaina, sai ya ce Allah ya taimaka, ya kawo wani. Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Da ya rasu, ina cikin waɗanda suka shiga kabari suka jera masa itace. Na yi ta gyara jerin har wani dattijo ya ce ya isa haka.

Yanzu in na ga kuskure a wurin aiki, a ranar nake faɗa wa mai shi, ido da ido, ko da furfurarsa ta kai ta Baba. Wasu suna cewa ba ni da kara, ba na musa musu.

Gidan yana nan a Ƙofar Kwaya, an shafe shi da filasta da fenti, ko tsaga babu. Alhaji in ya gan ni sai ya nuna wa mutane bangon gabas, ya ce aikin tsohon nan ne, irinsu sun ƙare. Ban taɓa gaya masa gaskiya ba. In aiki ya kai ni unguwar, ta wani layin nake bi.